Mutum na Biyu a Kwalekwale

Gobe Gu Zhaoting zai bar birnin Suzhou na ƙasar Sin, an tura shi aiki arewa. Ya warware zanen bankwana gaban Suyin, 'yar malaminsa: duwatsu cikin gajimare, da kwalekwale mai mutum ɗaya. Ya bar fili daga sama, inda wanda aka ba kyautar kan rubuta baiti.

"Ƙanwata, ko layi biyu ne, rubuta."

"Kai da ko shayi ba ka iya dafawa, kai kaɗai za ka tafi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba komai can sai sanyi."

Ta tsoma buroshi a tawada, ta tsallake filin, ta zana mace cikin kwalekwalen.

"Kin ɓata min zane," ya ce, idonsa na kan macen da ta zana.

"To, kai ƙarata wurin Baba."