Karatun Gwangwanin Tumatir

Na taɓa karanta wa babana gwangwanin tumatir, na ce masa darasin lakwal ne, wato makaranta. Lokacin korona ne, an rufe lakwal, mushe, malaminmu, ya cika mana kaye, littafin rubutunmu, da aikin da za mu yi a gida. Nawa kayen kuwa, akuyarmu ta fi ni sanin abin da ke ciki, don ita ta cinye rabinsa.

Baba bai yi boko ba, amma ya ɗauke mini kai awaki rijiya, shi yake zuwa da kansa don in zauna in yi karatu. Ran nan bayan la'asar ya dawo, tafin hannunsa duk shatin igiyar guga, ya zauna bakin tabarma.

"To, ɗan lakwal, karanta mini in ji."

Na buɗe kaye, na ɗaga hanci, na zubo Faransancin da na haddace a jikin gwangwani: nauyi, gishiri, ranar lalacewa. Sau uku na maimaita, ina canza murya kamar mai labaran rediyo. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai, ya ce, "Ko ban gane ba, da daɗi."

Abokaina na dariya in na ba su labarin. Ni dai, in na zo kan wannan maganar, tawa dariyar tsayawa take.

Da aka koma lakwal na faɗi, na maimaita aji. Baba bai taɓa ni ba. Cewa ya yi laifinsa ne, da ya iya karatu da ya taimake ni. Har yau ban faɗa masa ba.