Sauran Tsalle Ɗari Uku

Tun da likitoci suka gyara wa Nafi'u gwiwa, wata lamba ke haske a jikinta: yawan tsallen da ya rage masa a duniya. Ɗari uku, kuma kowa na gani.

Ranar da ya koma filin ƙwallon kwando, ya yi ta ɗaga hannu, babu wanda ya jefa masa ƙwallo.

Ya tare kyaftin ɗinsu. "Yaya Isyaku, laifin me na yi?"

"Tattalinka muke yi, ƙanena. Koci ya ce a adana ka sai wasan ƙarshe."

Da aka watse, Nafi'u ya tsaya shi kaɗai ƙarƙashin kwando, hannunsa wayam. Ya daka tsalle ya taɓo ƙarfen. Lambar ta ragu da ɗaya.

Ya sake.