Motar da Ke Mutuwa da Tsakar Rana

Ku samarin yanzu ba ku da kunne, sai ƙafa. Abu zai yi ta yi muku kashedi, amma muddin ya miƙe ya ci gaba da tafiya, sai ku ce ya warke. To ku natsu ku ji.

An yi wani saurayi direban akori-kura da bai taɓa cika tankinsa ba. Kullum ɗan galan yake saye a bakin titi wurin 'yan bumburutu, a juye masa ko tacewa babu. Da bazara ta kama, motar ta fito da wani hali. Da safe lafiya lau. Rana na take tsaka sai ta fara shessheƙa, ya taka totur ta ƙi ja, ta yi tari ta mutu. In ya tura ta inuwa ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba. Ya canza fulogi. Ya aro batir. Daga baya ya ce bakin mutanen tasha ne, ya rataya laya a madubi.

Yayarsa mai kiwon kaji ce ta tasa shi gaba sai ya je gareji, domin shi zai kai mata kajinta kasuwa ranar jajibirin Salla, kuma kajin nan su ne duk guminta na shekarar. Ya je da sassafe. Bakanike ya tayar da mota, ta yi ta ruri garau. Saurayin ya ce, "Ka gani ko, Oga? Ƙalau take." Bakaniken ya ce, "Mai zazzaɓin rana ma da safe ƙalau yake. Fitar da ita fili." Ya ɗaura agogon awo a bututun mai, ya bar ta a kunne cikin rana, ya tsuguna gefenta gumi na zuba, ya ce ba zai tashi ba sai ya kama ta tana yi. Wajen azahar allurar agogon ta soma saukowa, motar ta yi tarinta ta mutu. Ya kara kunne a tanki aka murɗa makulli, ya ji famfon da ke turo mai yana kuka a shaƙe. Ya kwance matatar mai ya busa, iska ta ƙi wucewa. Ya buga ta a tafin hannu, tsatsa da yashi suka zubo.

Ya ce, "Famfon nan cikin mai yake zaune, man ne ke sanyaya shi. Kai ka bar shi a busasshen tanki, ka kuma toshe masa hanya da datti. In ya ɗau zafi ƙarfinsa sai ya faɗi, mai ya kasa isa inji. A canza su duka biyu yau, ka daina yawo da ita da ƙishirwa." Saurayin ya ce, "Sai bayan Salla, Oga. Ni sammako zan yi, kafin rana ta buɗe ido na isa." A gida kuwa abin da ya ce wa yayarsa kawai shi ne, "An duba ta, Yaya." Bai ce an gyara ba, ya bar ta ta ɗauka haka.

Ran jajibiri ya yi sammakon. Sai dai tirela ta kife a kan gada, motoci suka yi layi, rana ta riske shi a nan. Da hanya ta buɗe bai yi nisa ba motar ta mutu, a wani faƙo da ko ƙaya babu balle inuwa. Kaji jibge a keji bisa keji, suka buɗe baki suna haki. Ya jiƙa rigarsa ya manna wa tanki. Ya yi ta murɗa makulli har batir ya ƙare. Da la'asar famfo ya huce, amma babu abin da zai tayar da inji, kuma kejin sun yi tsit. Kaɗan ya samu ya yanka, saura duk mushe.

Yayarsa ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta taka da ƙafarta har gareji ta ji gaskiyar magana, sannan ta tsaya gaban kawunnansu ta ce, "Da ƙaddara ce kaɗai da na yafe. An gaya masa, ya ɓoye mini." Aka ba ta haƙuri, ta ce haƙuri ta yi, amma amana sai an biya. Motar aka sayar aka biya ta. Yau yana nan a tashar, yana ɗora wa wasu direbobi kaya a ka, suna kiransa da fito.

Shi ya sa magabata suka ce: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.