Ranar da Na Nuna Iyaka

Na miƙa sanda na ce, "Daga nan zuwa can gonarka ce, Kawu." Ƙarya nake yi.

Shekara uku ina shugaban leburori a aikin dam ɗin Bakolori. Ni nake ɗaga wa mai katafila hannu yana tumɓuke ɗorawa da tsamiya da gamba, duk abin da mutanen ƙauyenmu ke gane iyaka da shi. Da ƙasa ta baje kamar faifai, aka gama aikin za a mayar wa manoma filayensu, aka ce in nuna wa kowa gonarsa, tunda da ni aka share. Manoma arba'in na biye da ni, kowa da fartanya, har an fara zage-zage. Ni kuwa ko gonar ubana ban gane ba.

Kawu, wanda ya rene ni, ya ɗebo ƙasa ya murza, ya matso kusa da kunnena.

"Wagga ba tawa ba ta, ɗan nan. Tawa baƙa ta."

Zan faɗa wa jama'a gaskiya ke nan ya damƙe hannuna.

"Rufe bakinka. In ka ce ba ka sani ba, yau sai an ɗauki gawa. Wuce gaba."

Na wuce. Kawu ya noma tsakuwa har ya rasu, bai sake cika rumbu ba. Har yau in rikicin iyaka ya tashi ni ake kira, wai idona ba ya kuskure.