Tsohuwa a Saman Bene

Ɗan nan, tunda ka ce so kake ka hutar da mahaifiyarka, zauna ka ji wannan misali kafin ka aika mata da motar da za ta ɗauko ta zuwa birni.

An yi wani mutum da Allah ya buɗa masa a birni, ya kama haya a saman bene cikin wata sabuwar unguwa ta bayan gari, irin wadda bara gonar dawa ce, bana kuwa katanga na bin katanga. Da ya ga famfo har cikin ɗaki, ga wuta, ga daɓe sumul kamar ka lasa, sai ya tuna tsohuwarsa a ƙauye tana jan guga da hannun da ya riga ya gaji. Ya je ya ɗauko ta, da kyakkyawar niyya, Allah shi ne shaida. Sai dai gidan haya da dokarsa yake zuwa. Mai gidan ya ce ba a kiwo, aka baro akuyarta wurin maƙwabta. Ba a hura itace, kada hayaƙi ya ɓata fenti. Ranar da ta sa turmi za ta daka daddawa, na ƙasa suka aiko wai kansu na ciwo, ɗan ya sauka ya ba su haƙuri. Gwiwarta ba ta iya matakala, ƙofar gidan kuma kullum a garƙame. Shi da matarsa su fita aiki, jikoki su tafi makaranta, ita kuwa ta wuni bakin taga da carbinta, tana kallon rufin kwano, tana jiran mai sallama. A unguwar kowa baƙo ne, kowa jira yake hayarsa ta ƙare ya ƙara gaba.

Da ya ga tana ramewa, sai ya ƙara mata nama da madara. Ya kai ta asibiti, likita ya ce bai ga komai ba. Wata rana ya shiga gaishe ta, ta ce, "Ɗan albarka, ba abin da ka rage ni da shi. Amma ka mai da ni inda in na yi tari wani zai ce mini sannu." Ya tuna bakin dangi, kada a ce ya kasa riƙe uwarsa, ya ce, "Inna, ki bari damina ta wuce." Ta ce to, ba ta sake ta da maganar ba. Damina ba ta wuce ba. Ran nan ya dawo da la'asar ya same ta kwance a kan sallaya, jiki ya riga ya yi sanyi. Ba wanda ya san sa'ar da rai ya yi halinsa, ba wanda ya laƙƙana mata kalmar shahada. Matar da rabin ƙauyensu ita ta yanke wa cibiya, sai da aka sha yawo kafin a sami mai yi mata wanka. Da aka fito da ita, leburorin da ke gini a gefe ne suka ajiye shebur suka yi alwala, sannan aka sami sahu. Ya tsaya a cikinsu, hawaye na zuba, bai san sunan ko mutum ɗaya ba.

Wanda kwanansa ya ƙare ba mai ƙara masa, wannan haka yake, Allah ya jiƙanta. Amma ɗan nata ya san abin da ta roƙe shi. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.