Ƙamus a Ɗakin Inna

"Inna, kin ga ƙamus ɗina na Turanci da Hausa?" Bahauddeen ya tambayi mahaifiyarsa. Sauri yake zai tafi makarantar da yake koyarwa a Karaye.

"Yana ɗakina," in ji Inna Kande. "Ƙafar gadona ce ta gutsure, na tokare da shi."

Bahauddeen ya kalli matarsa Munawwara, suka yi dariya, suka koma Turancinsu. Tun da suka dawo daga awon ciki, da Turanci suke zancen abin da likita ya gani. Kunya ta hana su faɗa wa Inna.

Ranar kasuwa Inna ta dawo da ƙullin kaya, ta kwance a gabansu. Zanin goyo biyu, hular jarirai biyu.

Munawwara ta rufe fuska. Bahauddeen ya ce, "Inna, wa ya gaya miki?"

"Ku mana. Kullum twins, twins a kunnena. Kun manta na yi ajin yaƙi da jahilci? Kwana uku ina bin shafi da yatsa har na ga tagwaye." Ta miƙa masa ƙamus ɗin. "In da sauran sirri, sai ku koyi Faransanci."