Shirun Hedimasta

Tsohon shugaban makaranta, wanda har yau kowa ke kira Hedimasta, ya shekara biyu yana fama da gigin tsufa, wato abin da likitoci ke kira cutar mantuwa. Yana zaune a ɗakin da ke jikin falo a gidan babban ɗansa. Sunayen 'ya'yansa sun kuɓuce masa, amma natsuwarsa tana nan, har zuwa watan da ya fara jefar da kwano.

Da an ajiye masa abinci, ya kai loma ɗaya ko biyu, sai ya kwarara ihu, ya yi wurgi da kwanon. Wata rana har ya buge hannun surukarsa da ta miƙa masa ruwan sanyi.

"Ka gaya mini gaskiya," in ji ta ga mijinta, tana kwashe shinkafa daga ƙasa, "girkina ne ya faɗi jarrabawa, ko ni ce Baba ya kora daga aji?"

Ɗan ya yi murmushin yaƙe. "Ke ma kin san ba halinsa ba ne. Mutumin da ko da alli bai taɓa jifan ɗalibi ba."

A wurin aiki ya kai kukansa ga wani abokinsa. Abokin ya ce, "Kai ma da son wahala kake. Haka kakarmu ta yi mana. Ƙwaya ɗaya muke ba ta, sai ka ji gida tsit." Ya rubuta masa sunan maganin a bayan wata tsohuwar ambulan.

Mai kemis ya duba ambulan ɗin, ya ɗago kai. "Ina takardar likita?"

"Haba, yau ka fara ganina?"

Nauyin sabo ya sa mai kemis ya miƙa masa.

Maganin kuwa ya yi abin da aka saye shi dominsa. Ihu ya ɗauke, kwano ya huta. Da Hedimasta ya sake motsawa bayan mako guda, sai ɗan ya mayar da ƙwayar biyu. Tsohon ya koma yini a kujera, kai a sunkuye, yawu na zuba a gaban rigarsa. Masu zuwa gaisuwa suna cewa, "Ai jiki ya yi sauƙi, ga shi yana ta hutawa."

Surukar ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. "Abban yara, Baba fa ba ya haɗiya sosai. Ko shayi na ba shi sai ya ƙware."

"Da yana jifa kin yi ƙorafi, yanzu ya daina kin yi ƙorafi. Wanne za a ɗauka?"

Ta ci gaba da ɗura masa da cokali.

A mako na biyar zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya dinga sarƙewa. A asibiti likita ta ce abincin da yake ƙwarewa da shi ya gangara huhu, ya haifar da ciwo. Ta nemi ganin duk maganin da yake sha. Ta karanta kwalin. Sannan ta buɗe bakin tsohon, ta haska da 'yar fitila, ta kira ɗan ya matso.

Haƙorin can ciki ya ruɓe, dasashin ya kumbura ya yi ruwa.

"Wannan ya yi watanni," in ji ta. "Duk lomar da ya tauna, kamar allura ce aka caka masa. Ba ya iya cewa ciwo nake ji, shi ya sa yake jefar da kwano."

Ɗan ya dafa bango. "Likita, da na kawo shi tun farko fa?"

"Da an cire haƙorin a rabin awa."

Kwana huɗu bayan haka Hedimasta ya cika, bai farfaɗo ba balle ya yi magana.

Jama'a, magabata sun riga sun faɗa mana cewa ruwa ba ya tsami banza. Tsohon da mantuwa ta ƙwace wa magana, da ihu da fushi yake kai ƙara. A fara binciken abin da ke cinsa kafin a nemi abin da zai rufe masa baki. Irin wannan magani likita ne ke yanke shi, shi ke auna shi, shi ke bibiyarsa, domin shirun maras lafiya ba shi ne sauƙi ba.